AMSOSHIN WASIƘUNKU: Shin Mu Ma Muna Da Irin Su Mozat Da Betoben?

Wannan fili ne na amsa wasiƙunku, wanda bayan mun karanta a rediyo muke bugawa a nan domin wanda bai samu ji ba, ko wanda batir ya mutu masa ana tsakiyar shiri. A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, don amsarta tana da tsawo.

TAMBAYA: Wasiƙar ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi a kasuwar Ɗambatta. Ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da ɗansa da ke karatu a birni. Yaron ya kunna masa wani kiɗa a waya, kiɗa zalla babu waƙa, goge-goge da bushe-bushe ba iyaka, ya ce masa wannan shi ne kiɗa na ilimi, na su Mozat da Betoben, wanda aka tsara tun shekaru fiye da ɗari biyu kuma har yau ana yin sa. Ya ce mu kuwa Hausawa ba mu da masu tsara kiɗa, sai dai maroƙa masu bin gidan biki. Shi ne yake so mu ba shi tarihin waɗannan mutane, mu kuma gaya masa tsakani da Allah, muna da irinsu ko ba mu da su?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Yaronka ya faɗi rabin gaskiya, ya bar rabi. Bari mu fara da rabin da ya faɗa.

Wannan kiɗa da ya kunna maka, kiɗan manya ne na ƙasashen Turai, kuma mafi yawan waɗanda suka yi suna a cikinsa mutanen Jamus ne da Ostiriya. Akwai Yohan Sebastiyan Bak, wanda aka haifa a Jamus a 1685 ya rasu a 1750. Shi ɗan gado ne gaba da baya, gidansu kiɗa ake yi kaka da kakanni, kuma daga cikin 'ya'yansa ma an samu waɗanda suka gaje shi. Ya yi shekara shida, daga 1717 zuwa 1723, yana shugaban makaɗan wani basarake a garin Koten, daga nan ya koma birnin Laifzig yana tsara wa coci kiɗa har ƙarshen ransa.

Sai Yosef Haidin, wanda aka haifa a wani ƙauye na Ostiriya a 1732, ubansa mai ƙera ƙafar keken doki ne. A 1761 ya shiga bautar wani gidan sarauta mai suna Estahazi, ya yi musu kusan shekara talatin. A takardar ɗaukarsa aiki an rubuta cewa zai riƙa zuwa gaban ubangidansa cikin kayan barorin gida, kuma kiɗan da ya tsara na ubangidan ne, ba zai ba wani ba sai da izini. To Malam, a ƙasar Hausa me ake kiran mai irin wannan aiki? Ai makaɗin fada ke nan.

Mozat kuwa an haife shi a Salzbag a 1756. Ubansa makaɗi ne, tun yana ɗan shekara shida yake yawo da shi fada-fada ana mamakin yaron. Ya yi wa babban limamin cocin garinsu, wanda shi ne kuma mai mulkin garin, bauta har 1781, sa'ad da suka ɓata ya koma birnin Biyana yana neman na kansa. Ya rasu a 1791 yana da shekara 35 kacal, da bashi a kansa. Betoben an haife shi a 1770 a birnin Bon, garin da masu kama rediyon Jamus suka sani. Ubansa da kakansa duk makaɗan fadar garin ne. Allah ya jarrabe shi da kurumta, amma bai bar tsara kiɗa ba, har a 1824 aka fara kaɗa babban aikinsa da ake kira simfoni na tara, watau dogon kiɗa na babbar ƙungiya, alhali shi ba ya jin abin da ake yi. Ya rasu a 1827.

Ka lura da abu biyu a tarihin nan: yawancinsu 'yan gado ne, kuma yawancinsu a ƙofar mai mulki suka ci abinci. Idan yaba ubangida da karɓar kyautarsa shi ne roƙo, to su ma sun taɓa. Yanzu sai mu dawo gida, ga rabin da yaronka ya bari.

Kiɗan fada a ƙasar Kano ba baƙo ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara sa a busa masa kakaki. Wannan kuwa kusan shekara ɗari biyu ke nan kafin a haifi Bak. Tun daga nan kowace fada take da makaɗanta, masu tambari da algaita da kakaki, da masu kotso da taushi, kowa da sarautarsa da ranar da yake fita.

Cikin waɗanda muryarsu ta iso mana, wanda masana suka fi sa wa a gaba shi ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa. Ubansa, Maidangwale, ɗan dambe ne, ta wajen mahaifiyarsa ya samo kiɗa. An ce sunan Narambaɗa ya samo shi ne daga wata karyarsa ta farauta mai suna Rambaɗa. Abin da nake so ku manoma ku riƙe shi ne, da waƙar noma ya fara, a bakin gona, kafin ya ɗauki kotso ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Shi ya yi Bakandamiya, waƙar da mawaƙi kan yi don ya nuna iyakar gwanintarsa, shi ya kuma yi waƙar Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ya yi wa wani dokin sukuwa, Filinge kuwa gari ne a Jamhuriyar Nijar. Wanda ya saurari Narambaɗa da kunnen basira zai ji bai tsaya ga yabo kawai ba. Yana kawo karin magana, yana kwatanta sarki da manyan namun dawa, abokan gabarsa da ƙananan halittu, yana yi wa duniya fassara kamar malami a zaure. Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma har yau a jami'o'i ana rubuta littattafai a kan waƙoƙinsa.

Sai Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda aka haifa a ƙasar Bakura wajen 1907. Ubansa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, kuma makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun. Tun yana ƙarami yake bin uban gona-gona wajen gayya. A cikin yaran uban akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Bai zama shugaba dare ɗaya ba. Ya daɗe yana daunin kiɗi, watau mataimaki, a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙa, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙar Mai Dubun Nasara, kuma bayan an kashe Sardauna a watan Janairu na 1966 ya ci gaba da zaga fadoji, ya waƙe Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero da sauransu. Ya rasu a 1991. Idan yaronka yana son jin abin da ake kira tsari, ya zauna ya saurari 'yan amshin Ɗanƙwairo: yadda yake fara ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, su cafe su ƙarasa, wasu su ƙara a kai, sa'an nan duk su faɗa kan amshi lokaci guda, ba mai riga wani, ba mai bari a jira shi.

A ɓangaren masu taushi akwai Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Allah ya ba shi tsawon rai ƙwarai, ya rasu a 1973. Akwai Muhammadu Sarkin Taushin Katsina na zamanin Sarki Usman Nagogo, da Aliyu Ɗandawo wanda ya zauna Argungu da Yawuri. Cikin masu kotso kuma kada a manta da Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

To ku kuma 'yan kasuwa, ga naku. Alhaji Mamman Shata an haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Shi ba ɗan gado ba ne, mahaifinsa Ibrahim Yaro ma bai so ya yi waƙa ba, don a ganinsa zubar da girman gida ne. Da tallan goro da alewa ya fara, a kasuwa da dandali bakinsa ya buɗe. Ya ɗauki kalangu, wanda a da an fi saninsa da kiɗan mahauta da na 'yan mata, ya kai shi gaban sarakuna da gwamnoni har da ƙasashen Turai da Amurka. Bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba. Ya zauna Bakori, ya zauna Funtuwa, ya zauna Kano, ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa direba da ɗan kasuwa da soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A nan Kano wa bai san waƙar Hassan Sarkin Dogarai ba? A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ya rasu a Kano a watan Yuni na 1999, aka kai shi Daura aka binne. Ina tuna ranar da aka faɗi rasuwarsa a rediyo, shagunan masu kaset ba abin da ke tashi sai muryarsa.

Ga Muhammadu Bawa Ɗan'anace na ƙasar Gandi, makaɗin maza, wanda ya ɗaukaka sunan Shago da Ɗandunawa a fagen dambe, ya kuma yi wa manoma waƙa. Ga Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946 ya rasu a 2015, shi kaɗai da ɗan kuntiginsa mai tsarkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa ya yi wa ma'aurata nasiha. Ga Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, ga Garba Sufa mai kukuma. Mata ma ba a bar su a baya ba, ga Uwaliya Mai Amada ta Kano da Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, masu kiɗan ƙwarya.

Yanzu sai mu zo kan maganar da ta fi ɓata maka rai, wai ba sa tsarawa, faɗa kawai suke yi. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama da makaɗa ba. Waƙar baka tana da gininta kamar yadda ɗaki yake da nasa. Akwai gindin waƙa, shi ne amshin da ake komawa kansa. Akwai ɗiyan waƙa, su ne baitocin da jagora ke jerawa. A cikinsu akwai gurbin yabo, da na kawo asalin wanda ake wa waƙa kaka da kakanni, da na zuga, da na habaici da zambo ga abokin hamayya, da na roƙo. Dole kuma kowace kalma ta hau kan kiɗa daidai, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, idan aka karya muryar kalma ma'anarta ta sauya, shi ya sa ma kalangu yake iya kiran sunan mutum a ji. Makaɗin fada yakan daɗe yana bin dattawa yana tambayar tarihin gidan sarauta, don in ya yi kuskuren kaka ɗaya a gaban fadawa ya ji kunya. Sa'an nan ya tara yaransa a gida su yi ta bita har ta zauna, kafin ranar salla a kai ta fada. Shata ne ya yi suna da ƙirar waƙa nan take, a tsaye a gaban jama'a, wannan kuwa wata baiwa ce daban, ba rashin tsari ba ne.

Kuma ina makarantar da suka koyi wannan? Da yawansu a gona ne. Dattawan ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici sun san yadda gayya take a da: samari sun jeru a kan kunya, mai gangar noma yana binsu a baya, yana kiran kowa da takensa, yana zuga Sarkin Noma, yana yi wa rago habaici har ya ji kunya ya sunkuya. Wanda ya iya sa gajiyayyen mutum ya ƙara kunya goma da rana tsaka, ai sa sarki ya yi kyautar doki ba zai gagare shi ba. Yabo da zuga da zambon da ake ji a fada, 'yan uwan na bakin gona ne.

To ina bambancin yake? A nan ne yaronka yake da gaskiyar da ya kamata ta dame mu. Turawa sun ƙirƙiro hanyar rubuta sautin kiɗa a takarda, layi biyar da ɗige-ɗige, kowane ɗigo da muryarsa da tsawonsa. Saboda haka ko mai kiɗa ya mutu, kiɗansa yana nan a ajiye. Bak da ya rasu an yi shekaru ba a cika kaɗa manyan ayyukansa ba, sai a 1829, kusan shekara tamanin bayan rasuwarsa, wani saurayi mai suna Mendelson ya ɗauko takardun wani babban kiɗansa ya tara makaɗa a Balin suka yi shi, sunan Bak ya sake tashi. Mozat kuwa a 1862 wani masani ya zauna ya jera ayyukansa ɗaya bayan ɗaya ya ba kowanne lamba, har 626. Mu fa? Shata da kansa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Kirarin waɗansu sarakunan Kano na dauri ya iso mana a rubuce, amma yadda aka kaɗa shi da muryar da aka rera shi sun tafi tare da masu su. Dubi kuma Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda aka haifa a 1793, Betoben yana saurayi. Waƙoƙinta suna nan ana karantawa domin an rubuta su. Makaɗan da suka yi zamani da ita kuwa, ko Hausawa ne ko Gobirawa, waƙoƙinsu a ka suke, da aka binne kan aka binne su.

Su Narambaɗa sa'a suka yi na'urar ɗaukar magana ta riske su da rai. Abin da gidajen rediyo da masu faifan garmaho suka ɗauka, daga baya aka juye a kaset, shi ne muke ji a yau, kuma ba duka suka yi aka ɗauka ba. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun bi gari-gari sun rubuta tarihin makaɗa da dama, Allah ya saka musu. Amma wanda bai yi sunan da zai kai shi rediyo ba fa?

Bari in ba ku misali da kaina. Marigayi mahaifina ya bar mana kwali guda cike da kaset. Damina ɗaya ɗakin ya yi yoyo ba mu lura ba, da muka buɗe rabinsu sun manne sun yi fumfuna. Na Shata da na Ɗanƙwairo ban damu ba, ana samunsu a kasuwa. Amma a ciki akwai guda ɗaya da aka ɗauka a gayyar ƙauyenmu, muryar mai gangar noman garinmu ce, yana kiran sunan kakana da takensa. Mutumin ya rasu, 'ya'yansa ba wanda ya ɗauki gangar, kuma ba wani kaset ɗin a duniya. Har yau in na tuna sai in ji kamar ranar aka yi mana rasuwa.

Saboda haka Malam, ga amsarka a taƙaice: muna da su, kuma daga cikinku manoma da 'yan kasuwa suka fito. Abin da muka yi sakaci da shi shi ne ajiya. Kada ka yi faɗa da yaron nan, aiki za ka ba shi, tun da wayar tana hannunsa kuma ya iya rubutu. In akwai tsohon kaset a gida, a kai wa masu tura waƙa a kasuwa su juye shi a memori, a yi kwafi biyu ko uku a raba wa 'yan uwa, a kuma rubuta sunan makaɗin da garinsu da wanda aka yi wa waƙar. In akwai tsohon makaɗin noma ko na dambe ko mai amada da ya rage a ƙauyenku, yaron ya je da goronsa ya gaishe shi, ya nemi izini ya ɗauki muryarsa, ya tambaye shi wa ya koya masa. Ku kuma dattawa, in ana sauraron Narambaɗa ko Jankiɗi, ku riƙa tsayar da waƙar kuna fassara wa yara, domin Hausar Gobir da ta Sakkwato tana da kalmomin da ɗan Kano na yanzu ba ya ganewa, abin da mutum bai gane ba kuwa shi yake rainawa. Shi ma yaron ka bar shi ya kunna maka Betoben ɗin, ka saurara har ƙarshe, sa'an nan ka kunna masa Bakandamiya, ku kwatanta.

Duk wanda ya san tarihin wani makaɗi na ƙauyensu, ya rubuto mana sunansa da irin kiɗansa da zamanin da ya yi, za mu karanta a wannan fili in Allah ya so. Wasiƙun da suka shafi takin zamani da farashin gero a Dawanau suna nan a hannu, su za mu ɗauka a mako mai zuwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.